Nana Asma'u 'Yar Shehu (1793–1864): Shugabar da Ta Raini Shugabanni Mata

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kauru, ko ya taɓa sauka a Kafanchan lokacin kakar citta, ya san cewa mace ba baƙuwa ba ce a fagen neman na kai da riƙon amanar jama'a. Mata ne ke yankan citta su shanya, su ne ke sarin hatsi su kai kasuwa, kuma a hannun uwar adashi ake ajiye kuɗin unguwa guda ba tare da an rubuta wata takarda ba. A coci akwai zumuntar mata da shugabanninta, a ƙungiyoyin mata Musulmi kuma akwai amirori. Amma da zarar mutum ya ɗaga kai ya dubi manyan kujerun bankuna da kamfanoni, inda ake yanke shawara a kan biliyoyin naira, sai ya ga matan sun ragu ƙwarai, 'yan Arewa kuwa sai an tona.

Idan aka tayar da wannan magana, wasu kan ce ai shugabancin mata baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Saboda haka wannan maƙala za ta waiwayi tarihin wata mace da ta rasu shekara 39 kafin Turawa su ci Sakkwato, wato Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An fi saninta da waƙoƙi da malanta. A nan kuwa za a fi mayar da hankali ne ga yadda ta kafa ƙungiya, ta zaɓi mata ta horar da su, ta naɗa su shugabanni, har aikin ya ci gaba bayan ranta.

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Nana Asma'u a garin Ɗegel da ke ƙasar Gobir a shekarar 1793. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada Usaina ya kamata a kira ta, amma mahaifinta ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyadina Abubakar, wadda ta shahara wajen taimakon Annabi (SAW) da mahaifinta a lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, don haka ta tashi a hannun sauran matan Shehu, cikinsu har da Hauwa, mahaifiyar Muhammadu Bello. Wannan ya sa shaƙuwa mai ƙarfi ta shiga tsakaninta da yayanta Bello, wanda ya girme ta da kimanin shekara 12.

Gidan da ta tashi gida ne da karatun mata ba abin mamaki ba ne. Mahaifiyar Shehu da kakarsa duk masu ilimi ne. Shi kansa Shehu ya sha suka saboda barin mata su halarci wa'azinsa. Wajen shekarar 1786 wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aika masa da waƙa yana zarginsa a kan haka, sai Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, inda ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. Haka kuma a littafinsa Nurul Albab, Shehu ya soki malaman da ke koyar da ɗalibai na waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san komai ba. A irin wannan gida Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da tasawwufi da harshen Larabci. Ba ita kaɗai ba ce, domin 'yan'uwanta mata kamar Hadiza da Maryam su ma malamai ne masu rubutu.

Shekarun Hijira da Yaƙi

Asma'u ba ta wuce shekara 11 ba lokacin da dangantaka ta lalace tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 jama'a suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, a watan Yuni kuma aka gwabza yaƙin Tafkin Kwatto. Shekarun da suka biyo baya na wahala ne: ƙaura daga sansani zuwa sansani, ga yunwa, ga cuta, ga asarar rayuka masu yawa a yaƙin Tsuntsuwa da na Alwasa. Ba a sami sararawa ba sai da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, sannan Bello ya kafa Sakkwato a 1809.

Ke nan yarinyar ta yi ƙuruciyarta ne a tsakiyar mata da suka rasa maza da yara da suka rasa iyaye. Ta ga da idonta abin da yaƙi ke bar wa mata. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin irin aikin da ta zaɓa wa kanta daga baya ba.

Aurenta da Gidan Waziri

Wajen shekarar 1807 aka aurar da ita ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello kuma malami. Da Shehu ya rasu a 1817 Bello ya zama Sarkin Musulmi, sai Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Gidan Waziri kuwa shi ne babban ofishin daula. Ta nan wasiƙu ke fita zuwa masarautun gabas kamar Kano da Zazzau, ta nan amsoshi ke shigowa, a nan kuma ake saukar da manyan baƙi. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, da ya iso Sakkwato a 1824, Giɗaɗo ne ya karɓi baƙuncinsa. Tun da a wancan zamani Kauru tana ƙarƙashin Zazzau, ita kuma Zazzau tana ƙarƙashin kulawar Waziri, to gidan da Asma'u ke uwargida yana da alaƙa da tarihin yankinmu.

Ta haifa wa Giɗaɗo 'ya'ya maza, cikinsu har da Abdulƙadir wanda ya gaji mahaifinsa a wazirci. Daga wannan zuriya ne Waziri Junaidu, shahararren masanin tarihi wanda ya rasu a 1997, ya fito. Renon yara da hidimar babban gida irin wannan ba su hana ta karatu da rubutu ba. Bello ya ɗauke ta abokiyar aiki. Da ya rubuta littafi da Larabci a kan mata bayin Allah na tarihin Musulunci, ita ce ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da Hausa domin ya isa kunnen mata. Sunanta ya kai nesa, har ta yi musayar waƙoƙin Larabci da wani malami daga Shingiti ta ƙasar Muritaniya. Bayan rasuwar Bello a Wurno a 1837, ita da mijinta suka duƙufa wajen tattara rubuce-rubucen Shehu da na Bello da rubuta tarihin jama'a, don kada abin ya salwanta.

Rubuce-rubucenta

Ayyukanta da suka iso gare mu sun haura 60, da Larabci da Fulatanci da Hausa, ban da haka kuma tana jin harshen Buzaye. Wanda aka fi sani a cikin na farko-farko shi ne Tanbihul Gafilina, da ta rubuta da Larabci a 1820 tana da shekara 27. A 1831 ta fassara waƙar mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, waƙar da ke gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci da ha'inci. Ta yi waƙoƙi a kan tarihin jihadi, da sunayen surorin Alƙur'ani don sauƙaƙa hadda, da magani, da marsiyyoyi masu yawa.

Abin lura shi ne yadda take zaɓen harshe gwargwadon wanda take son ya ji. Idan da malamai take magana sai ta yi Larabci, idan da danginta ne sai Fulatanci, idan kuwa talakawa take nufi sai Hausa da rubutun ajami. Fulatanci ne harshenta na gida. Ta rungumi Hausa ne domin shi ne harshen da mafi yawan jama'a ke ji. Mu da muka tashi da wani harshe a gida muka koyi Hausa a kasuwa da makaranta, muna da abin ƙarfafa gwiwa a nan, domin ɗaya daga cikin manyan marubutan Hausa na ƙarni na 19 ita ma tana da nata harshen na gida.

Kafa 'Yan Taru

Babban aikinta shi ne ƙungiyar 'Yan Taru, wadda ta kafa wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Matsalar da ta gani ita ce, yaƙe-yaƙe sun bar ɗimbin mata a ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno ba su da karatu. Wasu zawarawa ne, wasu kamammu ne da aka kawo daga wasu ƙasashe, da yawansu kuma idan damuwa ta same su ga bori suke komawa. Ita mace ɗaya ba za ta iya zagaya ƙauyukan nan ba, su kuma matan aure masu goyo da hidimar gida ba za su iya barin gidajensu su zo Sakkwato ba.

Dabarar da ta yi ita ce, a kowane yanki sai ta zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda jama'arta ke ganin girmanta, ta koyar da ita, sannan ta naɗa ta shugaba da laƙabin jaji. Kalmar jaji daga harshen fatake ta fito, domin ana kiran mai jan gaban ayari da wannan suna. Kowace jaji takan jagoranci ayarin mata zuwa wurin Asma'u. Waɗanda ke yin tafiyar su ne dattawan mata da suka wuce shekarun haihuwa da 'yan mata ƙanana da ba su isa aure ba, wato waɗanda al'ada ba ta hana su fita ba. Sukan zauna su koyi waƙoƙi su haddace, su gabatar da tambayoyin matan da suka baro a gida, sannan su koma su shiga gida-gida suna koyarwa. Waƙoƙin su ne littattafan karatun, domin mace na iya rera su tana daka ko tana kaɗi. Ta haka mata suka koyi tsarki da salla, da haƙƙin maƙwabci, da kula da marasa lafiya, da wankan gawa. Kyaututtukan da suke kawowa kamar hatsi da zuma da man shanu da tufafi, akan raba su ga mabukata.

Akwai wata hikima a wajen naɗin. Asma'u takan ba jaji malfa, ta ɗaura mata jan ƙyalle a kai. Irin wannan malfa ce alamar Inna ta Gobir, wato babbar mace a fadar Gobir wadda ke shugabantar 'yan bori. Matan ƙauye sun riga sun san cewa mai sanye da wannan malfa mai iko ce. Maimakon ta yaƙi alamar, sai ta ɗauke ta ta ba ta sabuwar ma'ana. Duk garin da jaji ta shiga, maza da mata sun san cewa da izini ta zo, kuma akwai wadda ta tsaya mata a Sakkwato.

Har ila yau, ba ta ɗauki waɗannan mata a matsayin 'yan aike kawai ba. Kamar yadda ta yi wa Sarkin Musulmi Bello marsiyya, haka ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, ta kuma yi wa maƙwabciyarta Halima, mace talaka wadda aka sani da sasanta mutane. Ba don waɗannan waƙoƙi ba da sunayensu sun ɓace. Irin wannan hali ne ya sa jama'a suka riƙa kiranta Uwar Gari.

Rasuwarta da Abin da Ta Bari

Allah ya yi wa Nana Asma'u rasuwa a 1864 tana da kimanin shekara 71, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙungiyoyi da yawa kan mutu tare da wanda ya kafa su, amma 'Yan Taru ba ta mutu ba. Ƙanwarta Maryam ta karɓi ragamar, bayanta kuma Ta Modi, jikar Shehu. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sarauta da shari'a da haraji duk suka sauya, amma jajoji suka ci gaba da kawo ayarinsu Hubbare. Wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta sami taimakon Waziri Junaidu ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a 1997. Makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata da dama a Arewa suna ɗauke da sunanta, kuma wasu mata Musulmi a Amurka sun kafa ƙungiyar karatu da sunan 'Yan Taru.

Gaskiyar da Ba Za a Ɓoye Ba

Ɗalibin ilimi ba maroƙi ba ne, don haka dole a faɗi ɗaya ɓangaren. Da farko, Asma'u 'yar Shehu ce, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri. Ƙofofin da suka buɗe mata saboda haihuwa ba su buɗe wa sauran mata ba. Na biyu, ba ta riƙe sarauta ba, ba ta kuma nemi a daidaita maza da mata a kujerun mulki kamar yadda ake nema a yau ba. Bai dace a sa mata maganar da ba ta yi ba. Na uku, daular da ta rayu a cikinta daula ce da ke da bayi, kuma al'ummomi da dama na kudancin Zazzau suna tuna ƙarni na 19 da hare-haren kamun bayi da gudu zuwa kan duwatsu. Wannan tabo yana nan a tarihin yankinmu, kuma yabon Asma'u ba zai shafe shi ba.

Duk da haka, tambayar da ta dace a yi wa wanda aka haifa cikin gata ita ce, me ya yi da gatan? Da ta so, da ta zauna a gidan Waziri tana rubuta wa malamai Larabci, kuma da hakan ya ishe ta suna. Sai ta juya ga matan ƙauye da zawarawa da kamammu, ta fitar da shugabanni daga cikinsu.

Darasi ga Mata da Kamfanonin Yau

A 2012, zamanin da Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan Babban Bankin Nijeriya, bankunan ƙasar nan sun amince da burin ba mata kashi 40 cikin 100 na manyan muƙaman gudanarwa da kashi 30 cikin 100 na kujerun daraktoci. Ƙasar Norwe ta riga ta yi doka mai kama da haka tun 2003. An ɗauki shekaru kafin a ga sauyi a kujera mafi girma. A 2020 Halima Buba ta zama manajan darakta ta bankin SunTrust. A 2021 Nneka Onyeali-Ikpe ta hau irin wannan kujera a Fidelity, Yemisi Edun a FCMB, Miriam Olusanya kuma a GTBank. A 2024 Adaora Umeoji ta zama mace ta farko da ta shugabanci Zenith. A jiharmu ta Kaduna ma, Nenadi Usman daga kudancin jihar ta zama ministar kuɗi a 2006, an kuma naɗa Hadiza Bala Usman shugabar Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya a 2016. Wannan ci gaba ne, amma mai karatu zai lura cewa ana iya ƙirga su da yatsu, kuma a bankunan mafi yawansu daga Kudu suke.

Ƙayyade kaso yana buɗe ƙofa, sai dai ba ya samar da waɗanda za su shiga. A nan ne tarihin Asma'u ke da amfani. Na farko, ta fara ne da ilimi, domin ba ta naɗa jaji sai ta koyar da ita. Yarinyar da aka cire daga makaranta a Kauru tana aji uku na sakandare ba za ta taɓa zama darakta ba, ko da an ware wa mata rabin kujeru. Na biyu, ta ba mata muƙami mai suna da alama a bainar jama'a. A ofisoshi da yawa mace ce ke yin aikin, amma namiji ne ke riƙe da sunan muƙamin. Na uku, ta tsara aikin daidai da rayuwar mata. Ba ta ce mai goyo ta zaɓi ɗa ko karatu ba, sai ta kai mata karatun har ɗaki. Kamfanin da ke ganin hutun haihuwa a matsayin dalilin hana ƙarin girma, zai rasa matansa a tsakiyar hanya, daga baya ya ce bai sami wadda ta cancanta ba. Na huɗu, ta shirya magada. Mace ɗaya a saman kamfani abin farin ciki ce, amma idan ta sauka babu wata a bayanta, an koma gidan jiya.

Kammalawa

A wannan maƙala an kawo tarihin Nana Asma'u tun daga haihuwarta a Ɗegel, da wahalhalun hijira, da zamanta a gidan Waziri, har zuwa kafa 'Yan Taru da rasuwarta a Sakkwato. An ga cewa shugabancin mata da horar da su ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kira a nan shi ne ga 'yan'uwa ɗalibai mata, Musulmi da Kirista, da su riƙe karatu da muhimmanci, kuma duk wadda Allah ya ɗaga a cikinsu ta waiwayi na bayanta ta jawo su, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu tuna cewa a gidajenmu da unguwanninmu akwai ƙanne mata da ke jiran wanda zai biya musu kuɗin jarrabawa ko ya cika musu fom. Su kuma 'yan'uwa maza su tuna cewa Shehu bai hana 'yarsa karatu ba, Bello bai raina shawarar ƙanwarsa ba, Giɗaɗo kuma bai tsaya wa matarsa a hanya ba. Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya ba mu ikon koyi da kyawawan ayyukanta, amin.